Katako zai kashe amsa-kuwwa a ɗakin taro?

Tambaya: Na gina ɗakin taro mai tsawon mita 20, faɗi mita 12, tsayi mita 5. Ƙasa tayil ce, sama silin POP, bango fulasta da fenti, ga manyan tagogin gilashi. Ko da lasifika ba a gane abin da mai magana yake faɗa, sai amsa-kuwwa. Kafinta ya ce a lulluɓe bangon duka da katako, wai haka ake yi a gine-ginen zamani na Turai, kuma ya fi kare muhalli. Gaskiya ne? Kuma zai hana maƙwabta jin kiɗan biki?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a ginin. Amma ka dakata, kada ka ba kafinta kuɗin katako tukuna. Abin da ya gani a hotuna ba ƙarya ba ne, sai dai fuskar aikin kaɗai ya gani. Katako mai santsi da aka manna a jikin bango ba ya shan sauti sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ke aikin yana ɓoye a bayan katakon, kuma shi hoto ba ya nunawa.

Ɗakinka da ka bayyana, an taɓa yin irinsa. A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe wani ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, sai aka tarar ba a jin malami, domin kalma ɗaya takan yi ta yawo a ɗakin fiye da daƙiƙa 5 kafin ta mutu. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyarawa. Da dare, idan gari ya yi tsit, sai shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga wani babban ɗakin taro na jami'ar, su jera, ya busa bututun kayan kiɗan nan da ake kira ogan, ya auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya ɓace, kafin gari ya waye su mayar da matasan inda suka ɗauko. Daga wannan wahalar ya fito da lissafin da har yau shi muke amfani da shi: ka ninka girman cikin ɗaki da 0.161, ka raba da jimlar abin da ke shan sauti a ciki, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da sauti zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Da shi aka tsara ɗakin kiɗa na Symphony Hall a Boston, wanda aka buɗe a 1900.

Mu gwada shi a ɗakinka. 20 sau 12 sau 5 ya ba mu mita 1,200 na cikin ɗaki. Kowane abu yana da makinsa na shan sauti, daga sifili zuwa ɗaya. Taga a buɗe makinta ɗaya, tunda abin da ya fita ba ya dawowa. Tayil da fulasta mai fenti ba su wuce 0.02 ba, wato cikin kashi ɗari na sautin da ya buge su, 98 dawo maka suke yi. Idan na haɗa ƙasa da bango da silin da kujerun roba, ɗakinka yana da abin da ya yi daidai da taga buɗaɗɗiya ta murabba'in mita 32 ko kusa da haka. Lissafi ya ba da daƙiƙa 6. Ka ga har ka ɗara na Fogg. Ɗaki mai wannan girma da ake son a ji magana a cikinsa, daƙiƙa ɗaya ake nema ko ƙasa da haka. Ajin makaranta ma ƙa'idar Amurka da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya duk 0.6 suka ce.

To yanzu a bi shawarar kafinta. Bangonka murabba'in mita 320 ne. Falanki mai kauri da aka lafe a bango makinsa bai cika wuce 0.10 ba. Ka kashe kuɗin lulluɓe shi kaf, daƙiƙa 6 ta sauko zuwa 3 da 'yan kai. Za ka ji an samu sauƙi, amma har yanzu wanda ke bayan ɗaki zai riƙa tambayar na kusa da shi me aka ce. Don ka sauko daƙiƙa ɗaya, sai ka ƙara wajen murabba'in mita 160 na cikakken shan sauti. Katako zalla ba zai kai ka can ba ko da za ka lulluɓe har tagogi.

Ga abin da ke cikin hotunan nan. Idan ka matsa kusa da irin bangon, za ka ga ba falanki ne a haɗe ba. Siraran sanduna ne na katako, faɗin kowanne kamar santimita 3 zuwa 4, an jera su da tazarar santimita ɗaya da rabi ko biyu. Ka leƙa ta tsagin, baƙin yadi ne mara kauri wanda iska ke ratsawa. Bayan yadin akwai audugar dutse ko audugar gilashi (zaren da ake yi daga narkakken dutse ko gilashi, mai kama da auduga) mai kaurin santimita 5, bayanta kuma sau da yawa an bar fili na wasu santimita 5 kafin bulo. Sauti yana shiga ta tsagin, iskar da ke ɗauke da shi ta riƙa gogar zaren audugar, ƙarfinta ya koma ɗan zafin da ko hannu ba zai ji ba. Irin wannan bango makinsa yakan kai 0.8. Aikin katakon shi ne ya riƙe audugar, ya kare ta daga gwiwar hannu da ƙafar kujera, ya ba ido abin kallo, ya kuma mayar da ɗan siririn sauti don kada ɗakin ya mutu murus. Sharaɗin shi ne tsagogin su kai aƙalla kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na fuskar bangon. Kafintocinmu suna son matse tazara don aiki ya yi kyau, to nan ne za ka tsaya a kansa.

Da maki 0.8, murabba'in mita 200 zai kai ka daƙiƙa ɗaya ɗaki babu kowa. Amma ni ba zan ce ka yi 200 ba. Mutum a zaune da tufafinsa yana shan kusan rabin murabba'in mita, mai babbar riga ma ya fi, saboda haka baƙi 200 sun kawo maka wajen 90 kyauta. Ka yi 150. Ɗaki babu kowa zai tsaya a 1.3, idan ya cika ya sauko 0.8, kuma wannan ya yi wa wa'azi da lacca da ɗaurin aure daidai.

Inda za a sa shi ya fi yawansa muhimmanci. Fara da bangon baya, wanda ke fuskantar dandamali. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan ya tashi daga lasifika ya je bangon baya ya dawo wa na sahun gaba, ya yi tafiyar kusan mita 40, ya makara da fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kunne yana haɗe sautin da ya biyo baya cikin kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa da na farko, ya ji su abu guda. Abin da ya wuce haka kuwa daban yake jin sa, shi ne ainihin amsa-kuwwar da ke rikita mai magana har ya riƙa tsayawa yana jiran kansa. Bangon bayanka murabba'in mita 60 ne, a rufe shi duka in ban da ƙofa. Sauran a raba tsakanin silin da bangayen gefe. A gefe kada a sa su daura da juna, a saɓa su: inda hagu ke da auduga, dama ta zama fili. Ka tsaya tsakiyar ɗakin yanzu ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, za ka ji wani "trrr" mai kama da ƙarfe yana biyo baya. Sauti ne ke kai da komowa tsakanin bangaye biyu masu santsi da ke kallon juna, kuma da an rufe ɗaya daga cikinsu yake ɗaukewa. Bangon da ke bayan mai magana kuwa, nan ne gurbin falanki mai kauri na kafintanka, domin a wurin ana son abin da zai tura murya gaba.

Akwai matsalar da audugar santimita 5 ba ta iyawa, kuma ita ce za ta dame ka ranar biki: sauti mai kauri, irin dukan ganga da gurnanin manyan lasifiku. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa tsawon zangonsa, wato tazarar da yake tafiya a kaɗawa ɗaya, santimita 34 ne, mai kaɗawa sau 100 kuwa mita 3.4. Auduga tana kama sauti sosai ne idan kaurinta da filin bayanta sun kusa rubu'in wannan zango. Ga mai kauri ke nan sai ka cinye kusan mita guda na ɗakinka. A nan ne katako yake yin aiki da kansa, ba a matsayin rufi ba. Idan aka kafa filawud sirara a kan firam, aka toshe gefunanta, aka bar iska a kulle a baya, sauti mai kauri yakan girgiza ta, girgizar ta cinye ƙarfinsa. Har ana iya saita ta. Filawud mai kaurin milimita 6 tana da nauyin kilo 3.6 a murabba'in mita, idan filin bayanta santimita 10 ne, ta fi kama sautin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa. Ka rage filin zuwa santimita 5, ta koma wajen 140. A sa ɗan auduga a cikin akwatin ba tare da ta danne filawud ɗin ba, sai kamun ya faɗaɗa. Gurbinsu kusurwoyin ɗaki da ƙasan bango, daga ƙasa zuwa ƙugu. Allunan da ake hudawa ƙananan ramuka su ma danginsu ne. Ka hura iska a bakin kwalbar lemo, za ka ji ta ba da murya guda, to kowane rami da iskar bayansa kwalba ce da ke shanye muryar da ta dace da ita.

Wannan ne ma ya sa nake murmushi idan aka ce manyan ɗakunan kiɗa na Turai daɗin sautinsu daga katako yake, wai ɗaki yana amsawa kamar jikin goge. Goge ana son jikinsa ya girgiza don ya fitar da sauti. Bangon ɗakin kiɗa idan ya girgiza sace sautin yake yi. Musikverein na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda aka buɗe a 1870, da Concertgebouw na Amsterdam na 1888, da na Boston ɗin nan, su ukun da masana suka fi yabo, akasarin bangonsu da silinsu fulasta ce. Da mutanen Finland suka tashi gina ɗakin Sibelius a garin Lahti da katako, wanda aka gama a shekarar 2000, sai da suka cika cikin bangayen da yashi don su yi nauyi. A Hamburg kuma, babban ɗakin Elbphilharmonie da aka buɗe a 2017 an lulluɓe shi ne da alluna kusan 10,000 na farar ƙasa irin ta POP haɗe da zare, kowanne da irin sassaƙarsa, aka bar katakon oak ga ƙaramin ɗakin. Abin da suke nema a duk wuraren nan nauyi ne da rashin santsi. Fuska mai tudu da kwari tana watsa sauti ko'ina maimakon ta harba shi waje guda, kuma a wannan fanni katako ya yi fice don yana da sauƙin sassaƙa. Idan kafintanka ya bambanta kaurin sandunan, wasu santimita 2, wasu 4, wasu 6, ya samar maka wannan ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba.

Batun maƙwabta kuwa, a'a. Gyara sauti a cikin ɗaki daban, hana shi fita daban. Hana fita abu biyu yake so, nauyi da toshe kafa. Duk lokacin da ka ninka nauyin bango, desibel 5 zuwa 6 kawai kake samu, alhali sai an rage wajen 10 kafin kunne ya ce ƙara ta ragu da rabi. Bangon bulo da aka yi wa fulasta ciki da waje ba shi ne matsalarka ba. Kiɗan yana fita ne ta tagogi, ta ƙarƙashin ƙofa, da kuma ta sama, inda babu komai tsakaninsa da unguwa sai siririn POP da kwano. Magani shi ne ƙofa biyu da ɗan soro a tsakani, roba a bakin ƙofofi da tagogi, gilashi mai kauri ko ninki biyu, da shimfiɗa auduga a kan silin tare da ƙara masa allo mai nauyi. Duk da haka gurnanin ganga zai ratsa. Amfanin da gyaran ciki zai yi wa maƙwabta shi ne, idan magana tana fita sarai, mai kula da na'ura ba zai ga dalilin ƙure murya ba.

Masu gina benaye da katako zalla a Turai wannan ce babbar damuwarsu. Allon CLT, wanda ake yi ta hanyar manna falankai hawa uku ko biyar ko bakwai a gicciye, an ɓullo da shi a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990, kuma da shi da danginsa aka gina Mjøstårnet a Norway, bene mai hawa 18 da tsayin mita 85.4, a 2019. Amma nauyin katakon bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kankare ba, don haka takun na sama yana sauka a kunnen na ƙasa. Dole sai an shimfiɗa tsakuwa ko yashi ko siririn kankare a kan wata tabarma mai laushi kafin a samu barci.

Saura maganar muhalli, kuma a nan ina da ra'ayi mai ɗan tsauri. Gaskiya ne kusan rabin nauyin busasshen katako sinadarin kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska, kuma muddin bai ruɓe ko ya ƙone ba yana nan a kulle. Katako mai girman mita ɗaya ta kowace fuska yana riƙe da abin da ya kusa tan guda na iskar da ke ɗumama duniya. Gaskiya ne kuma masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na wannan iska a duniya. Amma duk sandunan da ɗakinka ke buƙata, har da firam, ba za su wuce irin wannan ma'auni uku ko huɗu ba. Abin da za su riƙe bai fi abin da aka fitar wajen yin buhun siminti 100 ba, kai kuma ka san buhu nawa ginin ya ci. Shafa wa ginin kankare katako a fuska ba ya mayar da shi mai kare muhalli. Abin da ke hannunka shi ne kada katakon ya zama ɓarna.

Tambayar ita ce daga ina ya fito. A Finland da Ostiriya dajin da ake sara ana sake dasa shi bisa doka, kuma akwai tambarin shaida irin FSC, da aka kafa a 1993, da PEFC na 1999. A kasuwannin katakonmu da wuya ka ga tambari. Mun ga abin da ya sami madobiya: aka yi ta kwasarta daga Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Sin, har yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa ta a jerin itatuwan da ake sa wa ido daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Kada ka sa ko ɗaya daga cikinsu a bango. Sauti bai san sunan itace ba, sandar malaina da ta madobiya aiki ɗaya suke yi a gaban auduga. Malaina da itacen tik (teak) na gonakin dashe, irin waɗanda aka kafa a jihohin Ogun da Ondo, sun wadatar. Tsofaffin ƙofofi da katakon rufin da aka cire daga gidan da aka rushe sun fi kowanne, don sun riga sun bushe kuma ba a sare komai dominka ba. Idan za a yi amfani da MDF ko filawud, a nemi mai ƙarancin sinadarin fomaldihaid, wanda ake wa alamar E1, domin gam ɗin masu arha yana yin yaji a ido a ɗakin da ke rufe da na'urar sanyaya ɗaki.

Idan ginin a Arewa yake, hunturu zai jarraba aikin. Katakon da ke zuwa daga Kudu yakan iso da ruwa a jikinsa. A manna shi a watan Agusta, zuwa Janairu ya tsuke, ya murɗe, ya tsage a bakin ƙusa. A yanka sandunan tun da wuri, a jera su a cikin ɗakin da 'yan ƙananan katakai a tsakani don iska ta ratsa, a ɗora musu nauyi, a bar su makonni. Idan kafinta yana da na'urar auna danshi, a jira ta nuna kashi 10 cikin ɗari ko kusa. Malaina tana da jinkirin bushewa, amma idan ta bushe ba ta cika motsi ba. Wannan ma wani dalili ne na fifita sanduna a kan falanki: siririn abu mai tazara a gefe yana da wurin kumbura da tsukewa ba tare da ido ya lura ba. Don gara, a ɗaga aikin daga ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15, a jiƙa katakon da magani mai boraks. Baƙin man inji da wasu ke shafawa, kada ya shigo ɗakin.

Banish ko fenti a kan sandunan ba ya rage komai, amma a shafa kafin a kafa, don kada ya taɓa yadin ya toshe shi.

Abu guda ne ba na sassauci a kansa. Za a zo maka da shawarar a sa soson katifa ko kiret ɗin ƙwai a maimakon auduga don sauƙin kuɗi. Kiret ɗin ƙwai kusan ba ya yin komai. Soso kuwa yana shan sauti, amma idan ya kama wuta cikin ƙiftawar ido yake cinye ɗaki, hayaƙinsa kuma guba ne. A 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka bayan tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango da silin. A Janairun 2013 irin haka ta faru a garin Santa Maria na Brazil, mutum 242. Audugar dutse ba ta ci da wuta. Ka kuma sani ƙaton ginshiƙin katako yana ƙonewa a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, don gawayin da ya yi a waje yana kare cikinsa, amma siraran sanduna masu iska a baya ba su da wannan kariya. A shafa musu maganin rage kamun wuta, a datse filin bayansu da katako a kwance kowane mita biyu ko uku don kada ya zama bututun hayaƙi, wayoyin lantarki su bi ta cikin fayif, kuma ƙofofin fita su riƙa buɗewa waje.

Kafin ka sayi komai, yi gwaji mai arha. Aro dardumai da barguna masu kauri, a rataye su a bangon baya da ɗan tazara daga bulo, a sauko da lasifikun a karkata su su kalli kujeru maimakon bango, sannan ka sa wani ya karanta jarida a dandamali kai kana zaune a sahun ƙarshe. Idan ka gamsu da bambancin, a fara da bangon baya kaɗai, a yi taro ɗaya ko biyu a ji, sannan a yanke yawan abin da za a ƙara a silin da gefe.